Fetur ko dizal: Lissafin masu sayen jif a Kano ta Kudu ya sauya

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ɗan kasuwar da ya tara kuɗin sayen babbar jif ba ya ɓata lokaci a kan zaɓin inji. Fetur na da tallafi, lita ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba, shi kuwa dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya daɗe a hannun kasuwa, har ya haura Naira 700 a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin, fetur ya tsallake Naira 500 cikin kwanaki, ya kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A shekarar ce matatar Dangote ta fara sayar da dizal, ta sauko da farashinta zuwa Naira 1,000 a watan Afrilu. Tazarar da ta raba mayukan biyu ta tsuke.

Wannan ya fi shafar masu zirga-zirga a Kano ta Kudu. Dillalin shinkafa a Tudun Wada ko mai sarin masara a Doguwa kan bi titin Zariya, ya karya ta Kwanar Dangora, ya ratsa dajin Falgore, wani lokaci har duwatsun Riruwai. A irin wannan doguwar tafiya, injin dizal kan rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ya fi ƙarfin ja a hawa da cikin taɓon damina. Toyota ma ta san da haka: Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 tana zuwa da inji iri biyu, na fetur da na dizal mai lita 3.3.

Sai dai a takarda ne lissafin yake da sauƙi. Injin dizal na zamani ba irin na tsohuwar tirela ba ne da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa. Nozul ɗinsa na aiki da matsanancin matsi, kuma gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shiga cikinsa na iya lalata su gaba ɗaya. Wanda mai ya yanke masa tsakanin Kiru da Bebeji, ya saya a jarka wurin 'yan bumburutu, caca ya yi da injinsa. Ga kuma batun gyara. Yawancin jif ɗin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka, irin su Lexus LX 570 da GX 460, masu fetur ne, don haka kayansu ne suka fi yawa a Ƙofar Ruwa, su ne kuma bakanike ya fi sabawa da su. Ba wanda ke fatan mota ta tsaya masa a Falgore bayan magariba yana jiran a kawo masa kaya daga birni.

Ga ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa Sakateriyar Audu Bako ba, sai ziyarar ƙauye ranar Asabar, dizal ba zai mayar masa da kuɗinsa ba. Gajerun tafiye-tafiye ma toshe matatar hayaƙinsa suke yi. Wanda dizal zai amfana shi ne mai cin hanya kowane mako, wanda ke da gidan mai guda da ya amince da shi da kuma bakanike mai na'urar gwajin kwamfuta.