Wayarka Ba Gada Ba Ce: Tura Babban Fayil Daga Inda Yake

A Ambursa nake zaune, nan kusa da filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello. Jirgi kan sauka lafiya, sabis ɗin waya kuwa sai ranar da ya ga dama. A haka nake aikina na rubuta manhaja, kuma a haka na yi wata asara da ta sa nake rubuta wannan.

Kwanakin baya na horar da wani ƙaramin samfurin gane maganar Hausa a kan wata kwamfutar nesa ta kyauta. Da aka gama, fayilolin sun kai kusan GB 6. Sai na yi abin da yawancinmu muke yi: na haɗa laftop da hotsifot ɗin wayata, na danna saukewa, da nufin idan sun sauka in sake ɗora su a ma'adanar intanet. An wuce rabi aka ɗauke wuta, batirin laftop ya mutu. Kafin in samu caji, zaman aikin ya rufe, komai ya goge. Datar wata guda ta tafi, aikin kwana uku ya bi ta. Laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Ra'ayina shi ne, duk fayil ɗin da aka haifa a kan sabar nesa, bai kamata ya biyo ta wayarka ba idan wata sabar za shi. Ko Google Colab kake amfani da shi, ko Kaggle, ko gungun kwamfutocin wata jami'a, injin da ya yi aikin yana cikin cibiyar bayanai mai layin intanet da ya ninka naka sau ɗaruruwa. Ma'adanar da za ka ajiye, Hugging Face ce ko GitHub ko Zenodo, ita ma a irin wannan cibiya take. To me ya kai kaya daga Turai zuwa Ambursa, sannan a sake mayar da su Turai? Kamar mutum ne zai kai shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya ce sai ya biya ta Kano.

Bari mu yi lissafi. GB 10 daidai yake da megabit dubu 80. Idan saurin ɗorawar wayarka megabit 2 ne a daƙiƙa, sai ka yi sa'a 11 da 'yan kai kafin ka gama, in har sabis bai katse ba, wuta ba ta ɗauke ba, kuma ba wanda ya kira ka. Ka kuma biya data sau biyu, na saukewa da na ɗorawa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi. Idan kuwa daga sabar ka tura kai tsaye, abin da wayarka za ta kashe bai wuce na 'yan layukan umarnin da ka rubuta ba.

Zaɓen ma'adana shi ne inda mutane suka fi tuntuɓe. GitHub don lambar manhaja aka gina shi. Yana gargaɗi idan fayil ya wuce MB 50, yana ƙin karɓa idan ya wuce MB 100, ta burauza ma MB 25 ne iyaka. Akwai Git LFS da ke warware wannan, amma na kyauta yana da iyaka. Samfurin ƙirƙirarriyar basira da tarin muryoyi ko rubutu, Hugging Face ya fi dacewa da su, kuma manhajarsu ta huggingface_hub tana iya ɗora babban folda daga cikin Colab ɗin kansa, ta ci gaba daga inda ta tsaya idan an katse. Aikin bincike kuwa, wanda kake so a riƙa ambatonsa a takardun ilimi, Zenodo na fi so. Cibiyar CERN da ke Janeba ce ke kula da shi tun 2013, yana karɓar har GB 50 a ajiya ɗaya, kuma yana ba ka lambar DOI, wato adireshin da ba ya canzawa. Google Drive na kyauta GB 15 ne, ana raba shi da Gmail da hotunanka, don haka wurin ajiyar wucin gadi ne kawai.

Idan ka samu damar shiga gungun kwamfutoci na gaske, ko da daga waya ne ta Termux, ka fara buɗe tmux kafin ka soma turawa. Amfaninsa shi ne ko sabis ɗinka ya katse, aikin na ci gaba can a sabar, idan ka dawo ka tarar da shi. Yi amfani da rsync ko rclone, domin idan an katse ba sa maimaita fayilolin da suka riga suka isa. Dubban ƙananan fayiloli kuma ka dunƙule su wuri ɗaya tukuna, sun fi saurin tafiya a dunƙule. Bayan an gama, ka gudanar da sha256sum a kan na asali, ka kwatanta da na wanda ya isa. Lambobin suka yi daidai, kaya sun isa lafiya. Ni dai ba na goge na asali sai na ga wannan da idona.

Wani abu da nake gani a gurup-gurup ɗinmu yana tayar min da hankali: mutum ya manna makullin sirrinsa na Hugging Face ko GitHub a cikin littafin Colab, sannan ya raba mahaɗin ga kowa. Duk wanda ya buɗe zai iya goge maka ajiya. Colab yana da wurin ɓoye irin waɗannan makullai, alamar ɗan makulli a gefe. Yi amfani da shi.

Na san wani zai ce, don me za mu kwashe muryoyinmu da rubutunmu mu kai sabar Turawa? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Shi ya sa nake ganin dole ka ajiye kwafi ɗaya a hadis ɗinka, ka sauke shi a natse ranar da ka samu Wi-Fi mai ƙarfi ko datar dare, bayan kaya sun riga sun isa ma'adana. Idan kuma muryar mutane ka naɗa, ka nemi izininsu kafin ka buɗe wa duniya. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka, ko da kai kaɗai ne a ɗakinka, kuma ma'adanun nan suna ba da damar rufe ajiya sai wanda ka yarje wa.

Amma mu dubi inda kayanmu suke yanzu. Bidiyon bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, da hirarrakin tsofaffin masunta na Matan Fada, da ayyukan ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar Aliero, da yawansu a gurup ɗin WhatsApp da katin memori suke kwance. WhatsApp yana karɓar fayil har GB 2, gaskiya ne, amma ranar da aka sace wayar ko aka canza ta, shi ke nan. Su kuwa masu binciken HausaNLP da Masakhane, tarin bayanai irin su NaijaSenti da MasakhaNER a buɗaɗɗiyar ma'adana suka ajiye su. Shi ya sa ni da takardar sakandare kawai na iya ɗaukar su daga Ambursa na koyi aiki da su, ba tare da na roƙi kowa ba.

Na sake horar da samfurin nan mako biyu bayan asarar. A wannan karon layin ɗorawa na rubuta a ƙarshen umarnin horarwar, yadda da zarar ya gama zai tura da kansa. Na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar da GB 6 ɗin a ma'adana.