Launin Ɗaki da Ƙurar Hunturu



Duk wanda ya leƙa sababbin gidajen da ake ginawa a Daura, ko Mai'adua, ko Zango, zai tarar da falo fari fat, ko kuma ruwan toka mai duhu, irin wanda ake gani a hotunan waya. Ranar tarewa kam sai son barka. Amma a bari hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa ta riƙa turo ƙura ta ƙarƙashin ƙofa da tagogi. Nan da nan farin bango ya yi dabbare-dabbare, uwargida tana ta fama da tsumma. Shi kuwa ruwan toka shanye haske yake yi. Da an ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu tun la'asar.

Maginan da suka tayar da soraye irin na fadar Sarkin Daura, da tubali da azara, sun san ƙasar da suke zaune a kai. A yi yaɓe da ƙasar wurin, a shafe ciki da farar ƙasa, mata su yi daɓe su yayyafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Farar ƙasa ba ta kai farin takarda ba, daɓe kuma ja-ja yake fitowa. Mutum ya shigo daga ranar bazara, idonsa ya huta. A kan irin wannan bango ne jeren amarya, kwalla da tasoshi, yake ɗaukar ido.

A ganina, fentin da ya gaji wannan shi ne ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske kamar yashi. Ƙurarmu kusan launinta ke nan, don haka ba ta tona asirin bango da wuri. Yana mayar da haske, ƙwan sola guda ya wadaci ɗaki. Kuma ba ya faɗa da kaya: jar darduma, koren labule, kujeru ruwan goro, duk yana karɓarsu. Gobe amarya ta sake labule, ba sai an kira mai fenti ba.

Sai dai kada maigida ya dogara da launin da ke jikin bokiti. A shafa kaɗan a bango, a duba da hantsi, a duba da la'asar, a sake dubawa da dare, domin ƙwan lantarki mai farin haske yana sauya kamannin ruwan madara. A bar sabon filasta ya bushe sosai, in ba haka ba fenti ya ɓamɓare kafin Sallar Gani ta zagayo. Daga ƙasa zuwa ƙugu kuwa, inda yara ke dafawa, a sa fentin mai wanda ya ɗan fi duhu, shi ne ke jure wanki.