Madatsun Ruwa Na Cin Yaranmu, Mu Kuma Muna Cewa Tsautsayi Ne

Da zarar bazara ta kankama, zafi ya haura ma'auni 40 a watan Afrilu, labarin da ke fitowa daga ƙauyukan bakin dam kusan iri ɗaya ne. Yara sun tafi wanka, ɗaya bai dawo ba. A kira masunta ko 'yan kwana-kwana, a tsamo gawa, a yi jana'iza, a ce tsautsayi ne. Rai dai na Allah ne, babu mai ja. Amma sakacin da ya bar yaro ɗan shekara tara shi kaɗai a gaban ruwa mai zurfi namu ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Waɗannan madatsun alheri ne babba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka soma su a Kano, aka yi Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, sannan ga irin su Watari a Bagwai da Thomas a Dambatta da Kusalla a Ƙaraye da Kafin Chiri a Garko, dukkansu da ƙasa aka datse su. Su suka raya noman rani, su ke shayar da garuruwa da garkunan shanu. Sai dai an gina su ne domin ajiye ruwa. Ba a tanadi wurin wanka a cikinsu ba, alhali kowa ya san inda ruwa yake yaro zai je.

Ruwan dam ba irin na rafin da yaro ya saba ba ne. Yana tafe ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya faɗa tsohuwar hanyar kogi ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, ga kututture da tsohuwar koma da ciyayi. Sama da ɗumi, can ciki da sanyin da ke ɗaure jijiya. Wanda ke nutsewa kuma ba ya iya ihu, shi ya sa abokansa kan ɗauka wasa yake. Idan suka farga, sai yayansa ya yi tsalle don ceto, a wayi gari gida ɗaya da gawa biyu. Duk wannan sai mu tattara mu ɗora wa aljanun ruwa, mu huta da tambayar kanmu.

Na san za a ce a hana yara zuwa. An sha hanawa, an sha bulala, ba su daina ba, sun dai koma zuwa a ɓoye, wanda shi ya fi haɗari. Abin da nake gani shi ne a karɓi gaskiyar cewa za su je, a tsara musu zuwan. Sarkin ruwa da masunta sun san kowane lungu na ruwan nan. Su zaɓi gefe marar zurfi mai yashi, nesa da bangon dam da bakin bututun jan ruwa, a kafa turaku a ja igiya, a sa lokaci, a ajiye babban da ya iya ruwa. A rataye jarka marar komai mai murfi, ɗaure da doguwar igiya, a koya wa kowane yaro cewa jefa ta ake yi, ba a bin mai nutsewa cikin ruwa. Kuɗin wannan bai kai na abincin zaman makoki ba. A haɗa da ma'aikatan lafiya, domin ruwan da ke kwance yana tara dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma yaron da ke fitsarin jini magani yake bukata.

Batun kwalekwale kuwa mun riga mun ga ƙarshen sakacinsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya daga Badau da ke hanyar zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Lodi ne ya wuce kima. Duk wanda ya ga ana cusa mutane a jirgi ba rigar kariya ya yi shiru, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Shi kansa bangon dam ɗin yana bukatar ido. Bishiyar da ta tsiro a kai saiwarta na buɗe wa ruwa hanya, haka suri da ramin gafiya. Idan aka ga ruwa na tsattsafowa ta bayan bango yana fitowa da laka, ƙasar ciki ce ke zaizayewa, ranar nan ya kamata hukuma ta ji. Masu noma a kan magudanar rarar ruwa da masu ɗibar ƙasar bulo a gindin bango suna wasa da rayukan garin da ke ƙasa da su. Bagauda ta ɓalle a watan Agusta 1988, ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a Satumba 2024.

Kirana ga masu unguwanni da dagatai da limaman garuruwan bakin dam: kada ku jira takarda daga birni. Ku zauna da sarkin ruwa da shugabannin matasa kafin zafin bana ya yi tsanani, ku fitar da wurin wanka da mai gadinsa, ku ƙayyade lodin jirgi, ku zaga bangon da ƙafarku, abin da kuka gani ku kai wa ƙaramar hukuma a rubuce.