Raddi Ga Masu Raina Zamanin Da Ya Biyo Bayan Dainoso

Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu sha'awar halittun da suka shuɗe, wanda ke cewa abin mamaki a tarihin dabbobi ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yukatan na Meziko, dainoso suka halaka. A wurin masu wannan ra'ayi, marubuci irin Donald Prothero, Ba'amurken da ya shafe rayuwarsa yana nazarin ƙasusuwan dabbobi masu shayarwa, musamman karkandar dā, har ya wallafa After the Dinosaurs a 2006, ya saki reshe ne ya kama ganye.

Hujjarsu ta farko ita ce girman jiki, wai bayan dainoso ba a sake yin ƙattai ba. Gaskiya ne babu mai shayarwa a tudu da ta kamo manyan dainoso masu dogon wuya, amma Paraceratherium, wata karkanda marar ƙaho da aka tono ƙasusuwanta a Baluchistan, tsayinta a kafaɗa ya kusa mita 5, Titanoboa kuwa, macijin da aka bayyana a 2009 daga mahaƙar kwal ta Serehon a Kolombiya, ya kai kimanin mita 13. Shuɗin wel, wato babbar dabbar teku mai shayar da 'ya'yanta, wadda tsawonta kan kusa mita 30, ta fi duk wani dainoso da aka sani nauyi, kuma tana raye har yau.

Hujja ta biyu ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin tana kama da gaskiya: suna cewa dabbobin zamanin bayan dainoso giwaye ne da dawakai da aka saba gani, sai ɗan bambancin kama. Amma kamannin da suke rainawa shi ne ya ba wannan fagen nazari darajarsa, tunda shi ke ba masani damar bin sawun jinsi mataki-mataki. A Wadi al-Hitan da ke Fayum ta Masar, wurin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2005, akwai ƙwarangwal ɗin Basilosaurus, wel mai shekaru kusan miliyan 40 wanda yake ɗauke da ƙananan ƙafafun baya har da yatsu, shaidar cewa kakanninsa a tudu suka yi tafiya. Richard Harlan, wanda ya raɗa masa suna a 1834, ya ɗauke shi dangin ƙadangare, sai da Richard Owen ya duba haƙoransa ya gane mai shayarwa ne. Dabbar da ta ruɗar da masana haka ba za a kira ta sananniya ba.

Game da batun cewa masu shayarwa raunana ne da suka ci gādon da ba su wahala ba, ya isa a ambaci Repenomamus, wani mai shayarwa na ƙasar Sin, wanda aka samu ƙasusuwan ɗan dainoso a cikinsa.

Saura zargin cewa nazarin wannan zamani ba shi da amfani, wanda shi ne mafi rauni. Kimanin shekaru miliyan 56 da suka wuce, iskar kabon mai yawa ta shiga sararin duniya, zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, kuma ƙasusuwan da aka tono a Wayomin ta Amurka sun nuna dawakan farko sun ƙanƙance a wannan tsakanin, sannan suka sake girma da zafin ya lafa. Masu nazarin ɗumamar yanayi a yau suna komawa ga waɗannan ƙasusuwa don su ga yadda dabbobi suka amsa irin wannan sauyi.