Ina MT Daura Yake Yau?

Duk wanda ya taɓa yin dako ko tuƙa tirela a Apapa ko Tin Can ya san ƙaton jirgin kwantena ba ya shiga tasha da kansa. Ƙananan jiragen nan masu ƙarfin tsiya ne ke jan sa, su tura shi har ya jingina da gaɓa. In babu su, sai ya yi ta zama a teku, kuɗin jinkiri na hauhawa. A kan wa kuɗin zai sauka? A kan mai sarin kaya a Alaba, da direbanmu da ke kwana a layi yana cin guzurinsa.

A 2017, zamanin Hadiza Bala Usman, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta ƙaddamar da irinsu huɗu: MT Daura, MT Ubima, MT Uromi da MT Majiya. A 2023 Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku a nan Abuja, ya ba Adegboyega Oyetola. Bikin yanke ƙyalle kam muna gani a talabijin. Amma wanne ke aiki, wanne ke kwance?

To, sanin ba wuya fa. Jirage na ɗauke da na'urar AIS, mai watsa sunan jirgi, inda yake, da gudunsa. Buɗe MarineTraffic a wayarka, rubuta sunan, ka ga inda aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe.

Sai dai ana iya kashe ta. Mu a harkar shanu mun san wannan. In mota ta taso daga Wudil za ta Oko-Oba, babana ba ya runtsawa sai ya ji ta wuce Mokwa, ta haye Jebba. Direban da ya kashe waya a hanya, ko bai taɓa ko ɗan maraƙi ba, ya ja wa kansa zargi. Kuma kar mu manta, a 2004 jirgin dakon mai sukutum, MT African Pride, ya yi ɓatan dabo a hannun sojan ruwa, har aka kori manyan hafsoshi biyu.

Ni abin da nake nema wajen ma'aikatar kaɗan ne: ta hana kashe na'urar a kowane jirgin da aka saya da kuɗin gwamnati, duk wata kuma ta wallafa awa nawa kowanne ya yi aiki, da wanda ke wajen gyara.