A Miƙa Makulli Kafin A Kama Hanya

'Yan uwa malamai, akwai wata ɗabi'a da ke neman zubar mana da mutunci a idon masu gidajen haya, daga nan Dayi har cikin Malumfashi. Malami ya kama ɗaki na shekara, takardar sauyin wurin aiki ta fito a tsakiyar zango, sai ya tattara abin da zai iya ɗauka, ya danna kwaɗo a ƙofa, ya wuce ba sallama. Wata uku, wata biyar, ɗaki na kulle, tabarma da 'yan tukwane na ciki, mai gida bai san ko a raye yarjejeniyar take ba.

Ba kowane mai tafiya ne azzalumi ba. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, iyalai da dama a wannan yanki sun bar muhallinsu cikin gaggawa. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Malumfashi da Funtuwa, ta yadda ko mai niyyar sanarwa bai da hanyar kira. Wanda ya gudu da ransa yana da uzuri. Amma uzurin ranar gudu ba ya zama uzurin shiru na wata shida.

Mu dubi wanda ake bari da ɗakin. Sau da yawa ba wani attajiri ba ne. Tsohon malami ne da ya zuba giratutinsa a ɗakuna uku, ko gwauruwa da ke ciyar da marayu da kuɗin haya. Ɗakin da aka kulle da damina kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Rufi ya yi yoyo ba mai gani, gara ta ci azara, bango ya jiƙe. Ga sabon malami an turo yana neman masauki, ga ɗaki babu kowa, amma ba dama a ba shi. Wake ɗaya ke ɓata gari: gobe idan aka ce mai neman ɗaki malami ne, sai a ce ya biya shekara biyu gaba ɗaya.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, haya mai ƙayyadadden wa'adi alkawari ne da ya ɗaure ɓangarori biyu. Tafiyar ɗan haya ba ta warware shi, kuma kuɗin sauran watanni na nan a wuyansa. Sai dai an buɗe masa ƙofofi biyu: ya kawo wani kamarsa ya ƙarasa wa'adin, ko su yi iƙala, wato su warware yarjejeniyar da yardar juna. Duka biyun suna buƙatar abu guda, shi ne ya yi magana.

Shi ma mai gida akwai iyakar da aka yi masa. Kayan da aka bari a ɗaki amana ce, ba ganima ba. Ya fasa kwaɗo shi kaɗai, ya watsar da kaya a tsakar gida ko ya sayar ya ce ya cire bashinsa, to ya tashi daga mai haƙƙi ya koma wanda ake ƙara. Ranar da ɗan haya ya dawo ya ce akwai keken ɗinkin matarsa a ciki, wa zai shaida babu? Dokokin haya a Najeriya ma ba su yarda mutum ya yi wa kansa hukunci ba: sanarwa a rubuce tukuna, sannan umarnin kotu. Hanyar lafiya ita ce ya nemi ɗan hayar ta wurin shugaban makarantarsa ko danginsa, ya ba shi wa'adi a takarda. In shiru ya ci gaba, ya kai maganar gaban mai unguwa, in ta ƙi, gaban alƙali. Idan an ba da izinin buɗewa, a buɗe gaban shaidu, a rubuta kowane kaya, a sa hannu, a ajiye. Kuma daga ranar da ya zuba wani a ɗakin, bai halatta ya ci gaba da lissafa wa na farko kuɗin haya ba.

A ganina reshen ƙungiyarmu ta NUT na iya rage yawancin wannan rigima ba tare da kashe kwabo ba. A samar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda za ta faɗi wa'adi, da abin da za a yi idan sauyin aiki ko rashin tsaro ya tilasta tashi, da sunan wakili a cikin gari wanda zai karɓi saƙo. Wakilin ƙungiya a kowace makaranta ya riƙa tambayar duk wanda aka sauya: ka sallami mai gidanka? Sannan a haɗa mai tafiya da mai zuwa, tunda wanda aka turo a madadinsa ɗaki yake nema, sai ya gaji sauran watannin.

Wani zai ce albashin bai kai ba, ina ƙungiya ina sha'anin haya? Ai ƙarancin albashin ne ya sa muke buƙatar a yarda da mu. Mai gidan da ke yi wa malami haƙuri har ƙarshen wata, don ya amince da kalmarsa yake yi. Muna koya wa yara cewa alkawari kaya ne, kuma 'ya'yan masu gidajen nan suna zaune a azuzuwanmu suna jin abin da iyayensu ke faɗa a kanmu. Duk wanda takardarsa ta fito a zangon nan, ya fara zuwa wurin mai gida da makulli a hannu, kafin ya nemi motar kaya.