Fagen wasanni: shekarar da masu madara suka kwashe kofi uku a Filipin

A wannan mako fagenmu zai tsallaka teku har ƙasar Filipin, tarin tsibirai a kudu maso gabashin Asiya, inda ƙwallon kwando ya fi ƙwallon ƙafa farin jini nesa ba kusa ba. Amurkawa ne suka shigar da wasan makarantun ƙasar zamanin da suke mulkinta, kuma tun 1975 ake da gasar ƙwararru mai suna PBA, ta farko irinta a nahiyar Asiya.

Tsarin gasar ya sha bamban da wanda muka saba gani. Ƙungiyoyin ba sunan gari suke ɗauka ba, sunan kamfanin da ke ciyar da su ne: wannan ta masu giya, waccan ta masu man fetur. Sa'an nan a kan raba kakar wasa gida uku, kowane da kofinsa. A 1996 kofin farko na ƴan ƙasa ne zalla, sauran biyun kuwa ana barin kowace ƙungiya ta ɗauko baƙo daga waje, galibi Ba'amurke. Kwashe ukun duka cikin shekara guda abu ne mai wuyar gaske. Kafin wannan shekara ƙungiyar Crispa ce ta yi shi a 1976 da 1983, sai San Miguel a 1989.

Ƙungiyar Alaska, ta wani kamfanin madara ce, ta shiga gasar a 1986. A 1989 mai ita, Wilfred Uytengsu, ya danƙa ta ga Tim Cone, wani saurayi Ba'amurke da ya tashi a Filipin tun yana yaro. Cone ya duƙufa ga kallon kaset-kaset na wasannin Chicago Bulls, har ya haddace dabarar da Tex Winter ya koya wa su Michael Jordan, wadda ake kira kusurwa uku. Ga yadda take: ƴan wasa uku su tsaya a gefe guda kamar duwatsun murhu, biyu su tsaya ɗaya gefen, ƙwallo ya yi ta zagayawa ba mai riƙe shi, kowa yana duban inda masu tsaro suka bar ƙofa. Dabara ce mai wuyar koyo, kuma ba ta son mai son kai. Bayan kofin 1991, Alaska ta yi shekara biyu ba ta ɗauki kome ba. A 1995 ma sau biyu tana kai karon ƙarshe Sunkist tana kayar da ita, sai a kofi na uku ta samu sa'a. Wani maigidan da tuni ya sallami mai horaswa ya nemo wani. Uytengsu bai yi haka ba, kuma a ganinmu haƙurin nan nasa shi ne tushen abin da ya biyo baya.

A 1996 aka ci moriya. A kofin ƴan ƙasa Alaska ta kayar da Purefoods wasa 4 da 1. Wasan ƙarshen sai da aka shiga ƙarin lokaci, saura ƙasa da sakan guda a tashi aka yi wa Jeffrey Cariaso ƙeta, ya tsaya ya zuba jifa biyu cikin kwando, aka tashi da tazarar maki ɗaya tak.

Kofi na biyu shi ne ya fi ba su wuya. Gasa ta yi nisa ya zama dole su sake baƙonsu, suka kira Sean Chambers, wanda ya daɗe yana yi musu wasa, ya san dabarar ciki da bai. Nan amfanin tsari ya fito fili, don mutum ya sauka daga jirgi ya shiga fili ba tare da an sake koya masa kome ba. Duk da haka Shell ta ja su har wasa na 7 kafin ta sallama. Kofi na uku kuwa, sun ci wasa 13 a jere, suka gamu da Ginebra, ƙungiyar da talakawan ƙasar suka fi ƙauna, wadda Robert Jaworski yake horaswa kuma yake yi wa wasa yana da shekara 50 a duniya. Ita ma 4 da 1 aka yi mata.

Wanda aka zaɓa gwarzon shekara shi ne Johnny Abarrientos, mai raba ƙwallo, wanda tsawonsa bai wuce kamar mita 1 da santimita 70 ba, a wasan da ake ce wa na dogaye. Tare da shi akwai Jojo Lastimosa, mai sanyin zuciya in wasa ya yi zafi, da Bong Hawkins a ƙarƙashin kwando. A wannan shekarar ce kuma Chicago Bulls, masu dabarar ta asali, suka ci wasa 72 cikin 82 a Amurka.

A 1998 Alaska ta sake ɗaukar kofi biyun farko, kowa ya zuba ido ga na uku. Sai ƙasa ta bukaci Cone da manyan ƴan wasansa, har da Abarrientos da Lastimosa da Kenneth Duremdes, don wasannin Asiya na Bankok. Uytengsu ya sake su. Filipin ta dawo da lambar tagulla, kofi na uku kuma ya tafi hannun Shell.

Cone ya sake kwashe kofi ukun a 2014, amma da wata ƙungiya, San Mig Coffee. Ita kuwa Alaska ta bar gasar a 2022 da kofi 14 a tarihinta, aka sayar da gurbinta ga kamfanin sadarwa na Converge.